Romon Bakan Kamfanoni: Ina Aka Kwana Kan A-kori-kura Mai Lantarki Da Motar Kai Saƙo Marar Direba?

Duk matashin da ke yawan leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo: a-kori-kura mai ƙyalli tana jan kaya ba hayaƙi ba ƙara, ko wata 'yar mota da babu kowa a kujerar direba ta tsaya a ƙofar gida, murfinta ya buɗe, mai gida ya fito ya ɗauki saƙonsa. A ƙarƙashin bidiyon sai a rubuta cewa nan da shekara biyu ko uku direbobi su nemi wata sana'a.

Wannan magana ta shafi mutanen Matazu, Musawa, Malumfashi da Funtua kai tsaye. In kaka ta yi, a-kori-kura da Kanta ne ke kwaso masara da dawa da waken soya da auduga daga ƙauyuka zuwa kasuwanni irin na Dandume da Bakori, kafin manyan motoci su wuce da su Dawanau a Kano ko Kudu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin dakon kowane buhu kuma ya bi ta. Saboda haka labarin motar da ba ta shan mai dole ya ja hankalin manomi da ɗan kasuwa. Yaron da ke koyon tuƙi ko kanikanci shi ma yana son sanin ko sana'ar da ya kama za ta kai shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar lamarin ita ce a ajiye alƙawarin da kamfanonin suka yi a gefe guda, a ajiye abin da suka kawo kasuwa a ɗaya gefen, sannan a gwada su da hanya da wutar da ake da su a nan gida.

A-kori-kurar da aka yi wa shela

A Nuwamban 2019 Elon Musk ya nuna wa duniya Cybertruck ta kamfanin Tesla. Ya ce mai arahar za ta kama dala 39,900, babbar za ta yi tafiyar sama da kilomita 800 da caji ɗaya, kuma za a fara ƙera ta a ƙarshen 2021. A wurin taron aka jefi gilashin da aka ce ba ya fashewa da ƙwallon ƙarfe, ya tsage a gaban jama'a. Duk da haka, cikin mako guda Musk ya sanar cewa mutum 250,000 sun yi rajista.

Motar ba ta isa hannun masu saye ba sai ƙarshen Nuwamban 2023, wato bayan jinkirin shekara biyu. Farashin da aka sanar a lokacin ya fara ne daga dala 60,990, babbar kuma ta kusa dala 100,000, sannan babu wadda ta kai kilomita 800 ɗin. Musk ya yi hasashen za a riƙa ƙera 250,000 a shekara. A 2024 waɗanda aka sayar ba su kai 40,000 ba. A Maris ɗin 2025 kamfanin ya nemi a mayar masa da kimanin 46,000, kusan duk waɗanda ke kan titi, domin wani ƙarfen ado na gefen gilashi yana iya ɓallewa ana cikin tafiya.

Ford shi ne sarkin a-kori-kura a Amurka, yana sayar da samfurin F-Series sama da 700,000 a shekara. A Mayun 2021 ya ƙaddamar da mai lantarki, F-150 Lightning, a kan kusan dala 40,000. Kimanin mutum 200,000 suka yi rajista, kamfanin ya ce zai faɗaɗa masana'anta ta riƙa fitar da 150,000 a shekara. Ciniki bai taɓa kai 40,000 a shekara ba. Sashen motocin lantarki na Ford ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023, da kusan biliyan 5 a 2024. A Disambar 2025 kamfanin ya daina ƙera motar, ya kuma ce sauya tsarin zai jawo masa asarar dala biliyan 19.5.

Abin lura shi ne yadda aka faɗi labarin. Sanarwar Ford ta buɗe ne da cewa kamfanin yana bin abin da kwastomomi ke so domin samun ci gaba mai riba. Sunan Lightning ma ba a binne shi ba, an ce sabuwar da za ta zo za ta ɗauki injin fetur da zai riƙa yi wa batir caji. Kamfanin Stellantis ya riga shi yin haka a Satumban 2025: ya soke Ram 1500 REV mai lantarki zalla tun ba a sayar da ko ɗaya ba, ya ɗauki sunan ya liƙa wa wata mai injin fetur a ciki. Wanda ya tsaya a kanun labari zai ɗauka motar da aka yi alƙawari tana nan tafe.

Akwai waɗanda nasu ya wuce romon baka ya kai ga hukuma. Lordstown Motors ya yi ta shelar cewa an yi odar a-kori-kurarsa mai suna Endurance har guda 100,000. A Maris ɗin 2021 kamfanin bincike na Hindenburg ya fallasa cewa odar ba ta ɗaure kowa ya saya ba. Shugaban kamfanin ya sauka a watan Yunin shekarar, kamfanin ya karye a Yunin 2023. Shi kuwa Nikola, a 2018 ya saki bidiyon babbar motarsa tana gudu a kan titi. Daga baya ya amsa cewa a kan gangara aka sake ta ta mirgina da kanta. A tsakiyar 2020 darajar Nikola a kasuwar hannun jari ta taɓa zarce ta Ford, alhali bai sayar da mota ko ɗaya ba. A-kori-kurar da ya yi alƙawari, Badger, ba a taɓa ƙera ta don sayarwa ba. Kotu ta samu wanda ya kafa kamfanin, Trevor Milton, da laifin zamba a 2022, Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa a Maris ɗin 2025, wata guda bayan kamfanin ya karye.

Motar da za ta kai saƙo da kanta

A ɓangaren kai saƙo ba direba ma haka labarin yake. A Agustan 2016 Ford ya ce zuwa 2021 zai fitar da motar da ba ta da sitiyari ba ta da birki na ƙafa. A 2017 ya haɗa kai da masu sayar da abinci na Domino's a garin Ann Arbor, aka yi ta yaɗa hotunan motar da ke kai abinci gida. Injiniyan Ford ne ke zaune a ciki yana tuƙa ta. Abin da ake gwadawa shi ne ko mutane za su yarda su fito waje su ɗauki abincinsu da kansu.

A shekarar ce Ford ya ware dala biliyan 1 ga kamfanin Argo AI domin ya haɗa masa ƙwaƙwalwar tuƙi. A Satumban 2021 aka sanar cewa motocin za su riƙa kai kayan kantin Walmart a biranen Miami, Austin da Washington. A Oktoban 2022 aka rufe Argo AI, Ford ya rubuta asarar dala biliyan 2.7. A wannan watan dai Amazon ya dakatar da gwajin Scout, ɗan mutum-mutumi mai taya shida da ke bin gefen titi da saƙo, FedEx ma ya ajiye nasa mai suna Roxo.

General Motors ya kashe sama da dala biliyan 10 a kan Cruise, mai tasi marar direba. A Oktoban 2023 a San Francisco, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban motar Cruise, ita kuma ta ja ta a ƙasa kusan mita shida. Hukuma ta dakatar da lasisin kamfanin bisa zargin bai bayyana cikakken abin da ya faru ba. A lokacin ne kuma aka ji cewa motocin kan nemi agajin ma'aikatan da ke zaune a ofis duk bayan 'yan kilomitoci. A Disambar 2024 General Motors ya janye kuɗinsa.

Da wa ake maganar?

Dalilin wannan yawan alƙawari ba ɓoyayye ba ne. Idan shugaban kamfani ya hau dandamali yana bayanin shekara biyar masu zuwa, masu hannun jari yake nufi kafin masu sayen mota. Farashin hannun jari yana hawa ne bisa ribar da ake tsammani gobe, don haka labari mai daɗi kan jawo kuɗi tun kafin a ɗaura taya ɗaya. Akwai 'yan dabarun da ke yawan maimaituwa.

Ta farko, kiran rajista da sunan ciniki. Kafin alƙalamin Cybertruck da na Lightning dala 100 ne kacal, kuma duk wanda ya fasa za a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya ajiye dala 100 daban, wanda zai biya dala 70,000 daban.

Ta biyu, suna mai kumbura. Masana sun kasa tuƙin mota da kanta zuwa matakai daga 0 zuwa 5. A mataki na 2 motar na taimakawa da sitiyari da birki, amma alhakin komai na kan direba. A mataki na 4 tana tafiya ba direba, amma a cikin yankin da aka zana mata kawai. Mataki na 5, wanda mota za ta bi kowace hanya a kowane yanayi, babu kamfanin da ya kai shi. Manhajar da Tesla ke sayarwa da sunan Full Self-Driving, wato cikakken tuƙin kai, tana mataki na 2 ne, har sai da kamfanin ya ƙara wa sunan kalmar da ke nuna dole mutum ya sa ido. A 2019 Musk ya ce za a samu tasi marar direba miliyan ɗaya a 2020. Sai a Yunin 2025 aka fara da 'yan ƙalilan a Austin, da ma'aikaci zaune a kujerar gaba.

Ta uku, lulluɓe tsohon alƙawari da sabo. Watanni huɗu kafin Ford ya tsayar da Lightning, shugabansa Jim Farley ya riga ya sanar da wata sabuwar a-kori-kura mai lantarki ta kusan dala 30,000 da za ta fito a 2027. Tana iya fitowa, tana iya canzawa. A yanzu dai alƙawari ce.

A kawo lissafin gida

A ce ma an kawo Lightning ɗin Matazu kyauta. Babban batirinta yana ɗaukar yunit 131 na wuta, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Batirin waya mai lamba 5,000 bai kai kashi biyu cikin ɗari na yunit ɗaya ba, ke nan cika motar sau ɗaya daidai yake da cajin wayoyi kusan 7,000. Ƙaramin janareta irin na masu aski, wanda ba ya ba da yunit ɗaya a awa, sai ya yi sama da kwana biyar yana aiki dare da rana. In sola za a yi amfani da ita, faranti mai wat 500 yana tara kimanin yunit biyu da rabi a wuni, don haka sai an jera fiye da 50 kafin a cika batirin a rana guda.

Ta fuskar kuɗin wuta kam akwai sauƙi. A farashin naira 225 kan yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, cikon bai kai naira 30,000 ba, kuma kamfanin ya ce zai kai motar kusan kilomita 500 in ba kaya. Fetur na wannan tafiya ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce samun wutar. Rukunin A na nufin awa 20 a rana, abin da ƙauyukan da ke noma masarar ba su san shi ba. Abin da tashoshin ƙasar nan ke turawa ga mutum sama da miliyan 200 yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Katsina da Kano da Jigawa da KEDCO ke bai wa wuta, sun yi sama da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Lokacin girbi ne. Direban da abincinsa ya dogara da soket da ya yi zaman dirshan.

Sai batun kaya. Gwaje-gwajen masu sharhin motoci a Amurka sun nuna cewa jan kaya mai nauyi yana cinye kusan rabin tafiyar batir. Toyota ya nuna Hilux mai lantarki a Nuwamban 2025, alƙaluman farko da ya bayar kuma sun ce za ta yi kusan kilomita 240 da caji ɗaya, ta ɗauki kilo 700 da 'yan kai. Buhu bakwai ke nan na masara mai kilo 100. Duk wanda ya taɓa ganin lodin a-kori-kura ranar kasuwa ya san inda lissafin ya tsaya, kuma zuwa Dawanau daga Funtua da dawowa ya wuce kilomita 240.

Motar da ke tuƙa kanta kuwa buƙatunta sun fi haka. Tana son taswirar da aka auna kowane lungu, da titi mai alamu, da lambar gida, da sabis ɗin da ba ya yankewa domin ma'aikacin ofis ya cece ta in ta rikice. A hanyar ƙauye damina kan sauya inda ake bi, ga garken shanu, ga amalanke, ga shingen jami'an tsaro da sai an yi magana da mutum. Adireshi kuma sau da yawa kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, gidan da ke kusa da injin niƙa. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi, sai a Disamba aka fara buɗewa. A tsawon watannin nan direbobin tasha ba su daina kai saƙo ba.

Abin da ke aiki da gaske

Wannan ba ya nufin fasahar ƙarya ce. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar, yawancinsu a Sin. Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu amfani da fetur da dizal a 2024, tana dogaro da wutar madatsun ruwanta. Kamfanin Waymo yana ɗaukar fasinja ba direba a Phoenix da San Francisco da Los Angeles, ya kuma ce a Afrilun 2025 yana yin jigilar kuɗi 250,000 a mako. Sai dai a unguwannin da ya shafe shekaru yana aunawa kawai yake yi.

Misali mafi kusa da Matazu yana Jihar Kaduna. Tun 2022 kamfanin Zipline ke tashin jirage marasa matuƙi daga Pambegua, suna kai allurar rigakafi da magunguna asibitocin karkara, su sako kunshin da 'yar lema su koma. Kamfanin ya fara ne da kai jini a Ruwanda a 2016. Abin da jirgin ke ɗauka bai kai kilo biyu ba. Ya yi nasara ne domin ya zaɓi kaya marar nauyi mai matuƙar muhimmanci, ya kuma bi sama inda babu rami babu shinge.

A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir da sola, don gajerun tafiye-tafiye a cikin gari. Kamfanoni irin su Spiro suna ba 'yan acaɓa babura masu lantarki a Benin da Togo da Ruwanda da Kenya, sun kuma shigo Najeriya. Batirin babur mutum ɗaya na ɗaga shi, in ya ƙare sai a miƙa a karɓi cikakke cikin 'yan mintuna. A Sakkwato, hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, lokacin shugabancin Jelani Aliyu. Shi ne ɗan Sakkwaton da ya zana fasalin Chevrolet Volt da General Motors ya nuna a 2007, mota mai batir da ƙaramin injin fetur da ke tallafa masa. Kusan wannan tsarin ne Ford da Ram suka komawa yanzu.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai ɗaya ne: abin da ya yi ƙanƙanta, batirinsa ya yi daidai da ƙarfin sola, shi ke fara kama ƙasa. In lantarki zai shigo sufurin kudancin Katsina, alamu sun fi nuna babur da adaidaita sahu a cikin Funtua ko Malumfashi, tun kafin a zo kan motar da ke kwasar buhuna.

Tambayoyi kafin a tura bidiyo ko a tura kuɗi

Duk lokacin da irin wannan labari ya faɗo waya, akwai tambayoyin da ke tace shi:

1. An fara sayarwa ne, ko za a fara? Guda nawa suka isa hannun masu saye?
2. Farashin da aka ambata na ranar talla ne ko na ranar biya?
3. A wane gari abin ke aiki, kuma akwai mutum a ciki ko a ofis yana taimaka masa?
4. Nisan da aka faɗa da kaya ne ko wayam? A ina za a yi caji, wa zai gyara in ta lalace?
5. Me wannan kamfani ya yi alƙawari shekara uku da suka wuce, kuma ya cika?

Tambayoyin sun fi muhimmanci idan aka ce a zuba kuɗi. 'Yan damfara sun iya aron kalmomin manyan kamfanoni. Manhajar CBEX ta yi wa 'yan Najeriya alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan ƙirƙirarriyar basira, ta rufe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a a ciki. Duk manhajar da ta ce a sayi kaso a tashar caji ko a motar haya marar direba a riƙa karɓar riba kullum, a tuna cewa Ford da General Motors, da injiniyoyinsu da biliyoyinsu, asara suka tafka a wannan harka.

Ga mai koyon tuƙi a tashar Matazu, babu wata alama a ƙasa da ke nuna na'ura za ta karɓe masa kujera nan kusa. Ga mai koyon kanikanci kuma, ƙarin da zai amfane shi shi ne sanin wayarin, da batirin lithium, da haɗa sola da inbata, domin ana neman masu wannan aiki yau a gidaje da shagunan caji da gonakin rani, kuma su za a fara nema ranar da babura masu batir suka yawaita a yankin.